Awon Kogin Kwara da Shari'ar Tsibirin Lete tsakanin Nijar da Benin

Gabatarwa

Kogin Kwara, wanda Turawa ke kira Neja, shi ne ya raba Jamhuriyar Nijar da Jamhuriyar Benin, tun daga mahaɗarsa da kogin Mekuru har zuwa iyakar Nijeriya, tsawon kilomita 150 ko kusa da haka. A wannan yanki akwai tsibirai 25, mafi girmansu shi ne Lete Gungu. Kalmar gungu a Zabarmanci tana nufin tsibiri, kuma Hausa ma tana da ita, daga gare ta aka sami sunan Gungawan ƙasar Yawuri. Fiye da shekara arba'in ƙasashen biyu suka yi suna jayayya a kan wa ke da kogin da tsibiransa. Da aka je gaban alƙali, rubuce-rubucen waɗanda suka bi kogin suna auna zurfinsa na cikin manyan abubuwan da suka raba gardama.

Matafiya da masu awo

Tun kafin zuwan Turawa, Dandawa da Zabarmawa da Sarkawa masunta sun san hanyoyin wannan ruwa, sai dai saninsu a ka yake, ba a takarda ba. Mungo Park ya ratsa wurin cikin kwalekwale kafin ya halaka a Busa a 1806, amma littafin da yake rubuta labarin wannan zangon ya ɓace tare da shi.

Awo na sosai ya fara ne da wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Hourst. A 1896 ya taso daga wajen Tambutu da jirage uku, ya yi zaman watanni kusa da Say, sannan ya gangara har bakin teku. Duk inda ya bi yana auna zurfi, yana zana taswira. Burinsa shi ne Faransa ta san ko jiragenta za su iya bin kogin. Daga 1926 zuwa 1932 wani injiniya, Beneyton, ya sake yin irin wannan aiki. Bayan samun 'yancin kai kuma kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya yi nasa binciken, ya fitar da rahoto a 1970. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi aikinsa don shata iyaka, dukkansu hanyar jirgi suke nema.

Asalin rikici

A zamanin mulkin mallaka Nijar da Dahome, wato Benin ta yau, duk a hannun Faransa suke, saboda haka ba a damu da tsayar da iyaka a cikin ruwa ba. Fulani makiyaya na ɓangaren Nijar suna zaune a Lete, mutanen gaɓar Dahome kuma suna tsallakowa noma. A watan Yuni na 1960 faɗa ya ɓarke a tsibirin, har aka rasa rayuka. Dahome ta sami 'yanci ran 1 ga Agusta 1960, Nijar kuma ran 3 ga wata, kowace ta gaji rigimar. A ƙarshen 1963 zaman ya ƙara tsami, har Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahome daga ƙasarta. Sai a watan Yuni na 2001 suka sa hannu a Kwatano cewa za su kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Benin ta ce iyaka tana gaɓar hagu, wato ɓangaren Nijar, ke nan ruwan da ƙasan kogin da tsibiran duk nata ne. Ta dogara da wata wasiƙa ta 27 ga Agusta 1954 wadda muƙaddashin gwamnan Nijar, Raynier, ya rubuta. Ita kuwa Nijar ta kawo wasiƙar 1914 ta Sadoux, jami'in da ke riƙe da Gaya, wadda ta ɗauki babbar hanyar jirgi a matsayin iyaka. Ta kuma nuna cewa shekara da shekaru hukumar Gaya ce ke karɓar haraji a Lete.

Hukunci

Ran 12 ga Yuli 2005 alƙalai biyar, ƙarƙashin Raymond Ranjeva, suka yanke hukunci. Ƙa'idar da suka bi ita ce kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada ranar 'yanci. Sun ce wasiƙar 1954 ba ta isa hujjar mallaka ba, domin gwamna ɗaya ba shi da ikon shata iyaka shi kaɗai. Suka tsayar da cewa iyaka ita ce layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirgi, yadda yake a 1960.

To, ta yaya za a san inda zurfi yake shekara 45 da suka wuce, alhali kogi yana cin gaɓa yana tara yashi? A nan ne tsofaffin awon suka yi rana. Da kotu ta gwada taswirar Hourst da ta Beneyton da ta NEDECO da binciken baya-bayan nan, sai ta ga hanyar da suka nuna kusan ɗaya ce, alamar ƙasan kogin bai sauya sosai ba. Ta fi dogara da rahoton NEDECO wajen gane halin da kogin ke ciki lokacin 'yanci. Bisa haka Nijar ta sami tsibirai 16, har da Lete, Benin ta sami 9. A kogin Mekuru kuwa aka raba a tsakiyar ruwa.

Kammalawa

Ƙasashen biyu sun karɓi hukuncin ba tare da yaƙi ba. Wannan shari'a ta nuna cewa a gaban kotu abin da aka auna aka rubuta shi ke tsayawa shaida. Masunta da matuƙa kwalekwale sun riga kowane Bature sanin inda ruwa yake da zurfi, amma alƙalumman da Hourst da waɗanda suka biyo bayansa suka bari a takarda su kotu ta duba wajen raba tsibiran.