Fijo 504: motar da ta san hanyoyinmu, da yadda masu ita suka juya mata baya

Mu da aka haifa wajejen 1990 ba mu ga Fijo 504 tana sabuwa ba. Mun tarar da ita ta riga ta sha jiki: ƙofa ɗaure da igiya, buhunan hatsi a sama, mutum tara a ciki ban da goyo, ta tashi daga tashar Maraɗi ta bi Ɗan Isa ta faɗa Jibiya. Amma ku tambayi tsofaffin direbobi, daga Ƙonni har Magarya, wace mota ce mota, za ku ji sunanta kafin na kowa. To ina ta shiga?

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Sai dai ba Turai ce ta ba ta suna ba. A 1975 direba Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, a shekarar kuma Hannu Mikkola ya ci na Maroko. Hanyoyi ne na ƙura da duwatsu da taɓo, irin namu. Ƙafafun baya ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, tana haɗiye gargada ba ta karya wa fasinja baya. Injin kuwa ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Makanike da sufana da sukuddireba zai kwance kafireto a gindin bedi, ya wanke, ya mayar, kafin la'asar kun kama hanya.

Ta hanya biyu ta shigo mana. Ta arewa, samarin Turawa kan sayi tsofaffin Fijo, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko su gangaro kudu, su koma gida a jirgi. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, da rikicin Aljeriya da tawayen arewa suka rufe hanya.

Ta kudu kuma, Kaduna. A 1975 masana'antar PAN ta fara haɗa Fijo a can. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, sassan motar ta sama suke zuwa: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA ke ɗauko su daga Lyon su sauke a Kano, sannan a kai Kaduna. Ku duba fa, mota a cikin jirgi! Lokacin kuɗin man fetur ne, gwamnatin Nijeriya ta mai da Fijo motar ma'aikatanta, ana haɗa dubun dubata a shekara. Mu nan ribar da muka samu ba sabuwar mota ba ce, don kaɗan ne cikinmu ke iya saye. Ribarmu kayan gyara. Duk abin da ya lalace akwai shi a Kano, direba ya aika da safe, gobe ya iso Damagaram. Yara suka koyi gyara a kanta, su ma suka koyar da nasu yaran.

A nan ne muke ganin ya kamata a tsaya a yi tunani kan abin da ake kira ingancin mota. Bature idan ya sayi mota, da garanti ya saya, da gidan dillali a unguwarsa. Mu kuwa babban gidan dillali yana Yamai. Wanda motarsa ta mutu tsakanin Dakwaro da Tawa, wa zai kira? Garantinsa shi ne makaniken garin da ke gaba. 504 ta yi sarauta ne don gyaranta ya zo daidai da hannun wannan makanike da aljihun mai ita.

Sai shugabanni a Faransa suka shiga nasu lissafi. Peugeot ta haɗiye Citroën a 1976, ta sayi reshen Chrysler na Turai a 1978, bashi ya yi mata katutu. Ƙaramar 205 da ta fito a 1983 ita ta cece ta, kuma Jacques Calvet, wanda ya riƙe kamfanin daga 1984 zuwa 1997, ya maida hankali kan kasuwar Turai. Gaskiya ba za mu ce bai iya aikinsa ba, ya fidda kamfani daga rami. Amma 505 ita ce Fijo ta ƙarshe a wannan jeri mai turi da ƙafafun baya, waɗanda suka biyo ta an yi su ne don kwalta mai santsi. Calvet ya yi suna wajen yaƙi da shigar motocin Japan Turai. Yana can yana tsare ƙofar gida, Japan ta shigo ta bayan gida, wato nan Afirka.

Kowa ya ga alama a 1987, lokacin da sojojin Chadi suka kori na Libiya a kan ƙananan motocin Toyota, har aka sa wa yaƙin sunan motar. Daga nan duk mai aiki a rairayi, ko soja ko ma'aikacin agaji ko ɗan kasuwa, Hilux da Land Cruiser yake nema. A tasha kuma Hiace ta ture Fijo, don ta fi ta ɗaukar mutane.

Kuɗi ma suka yi nasu. Daga 1986 naira ta fara faɗuwa, sassan da ake sayowa daga Faransa suka yi tsada, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci. Mu ma a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kowa ya koma kan motocin hannu da ke sauka a Kwatano da Lome. Duk da haka Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har 2006, shekara fiye da ashirin bayan Faransa ta daina yin ƙirarta ta salun. A shekarar ne aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa, a 2012 hukumar karɓar bashi ta AMCON ta karɓe shi.

Wani abin dariya, ko na takaici: CFAO, tsohon gidan cinikin Faransa da aka kafa a Marseille tun 1887, wanda kakanninmu suka sani, tun 2012 yana hannun Toyota Tsusho na Japan.

Yau motocin da ke iso mana cike suke da waya da kwamfuta. Fitila ta kama a gaban direba, makanike mai shekara talatin a sana'a ya buɗe bonet ya tsaya yana kallo, sai an nemo mai na'urar bincike, in akwai shi a garin. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya zo ya koya masa, kuma mai ƙera motar bai ma san ta iso nan ba. Sunan Peugeot ya shiga ƙarƙashin Stellantis a 2021, a 2022 kuma aka sake fara haɗa Fijo a Kaduna tare da Ɗangote. Mun ga hotunansu, suna da kyau. Har yanzu dai ba mu ga ko ɗaya tana lodi a tashar Maraɗi ba.