Tsanin Jarrabawa: Yadda Magidanta a Nguru da Gashuwa Suka Samu Hanyar Digiri

Duk wanda ya zauna a Nguru ko Gashuwa ya san irin mutumin da nake nufi. Malamin firamare ne, ko ma'aikacin asibiti, ko akawun ƙaramar hukuma. Yana da iyali, furfura ta fara leƙo masa, amma da kaka ta yi sai ka gan shi bayan sallar isha'i ya baje tsofaffin takardun tambayoyi yana bita. Turanci ne ya riƙe shi, ko lissafi. Kiredit ɗaya tak ya rage ya cika biyar ɗin da jami'a ke nema, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Akwai irinsa a cikin mata ma, waɗanda aure ya katse wa karatu suka dawo bayan sun yaye 'ya'ya uku ko huɗu. Hanyar nan da suke bi, ta hawa mataki da jarrabawa ba tare da sun koma benci ba, ta haura shekara 160 a duniya, kuma ta sha kwana kafin ta iso bakin kogin Yobe.

A Ingila abin ya faro. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga ɗalibi ko da bai taɓa taka harabarta ba. Ka yi karatunka a inda kake, ka biya kuɗi, ka zauna jarrabawa. In ka ci, digirinka digiri ne. Daga nan makarantun koyarwa ta wasiƙa suka tashi, irin su Wolsey Hall ta Oxford da aka kafa a 1894, suna aika darasi ta gidan waya, ɗalibi ya amsa ya mayar, a duba a dawo masa da shi. 'Yan Nijeriya sun kama wannan igiya tun kafin a gina jami'a ko ɗaya a ƙasar. Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin naira goma, ta haka ya samu digirin falsafa a 1928. Obafemi Awolowo ya samu na kasuwanci a 1944, shekara huɗu kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan.

To, amma wannan ƙofa tana da sharuɗɗa uku da ba a rubuta ba: Turanci mai ƙarfi, kuɗin biya, da gidan waya kusa. Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama ƙarshen layin dogo, matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da kiraga. Wasiƙa tana iya zuwa, ke nan. Sai dai ɗan ƙasa da zai karanta ta ne ya yi ƙaranci. Makarantun boko a ƙasar Bade da ta Manga ba su da yawa a lokacin, kuma yaron da ya yi fice sai an kai shi midil a Maiduguri. Jirgin da ya zo don kwasar gyaɗa bai zo da makaranta ba.

Kada a ɗauka yankin ba shi da ilimi. Nan ne Gabas ɗin da almajiran ƙasar Hausa ke yi wa tattaki don haddar Alƙur'ani. Kuma tsangaya tana da nata awon, wanda a ganina ya fi kama da tsarin Landan fiye da tsarin makarantunmu na yau. Ba a tambayar gardi shekara nawa ya yi a gaban malami. Ya haddace? Ya rubuta da ka, masana sun duba ba su sami gyara ba? To ya zama alaramma. Abin da ke cikin kai ake aunawa, ba daɗewar zama ba. Boko ne ya zo da lissafin shekaru da azuzuwa.

Babban yunƙurin farko na mayar da manya karatun boko a Arewa shi ne Yaƙi da Jahilci, a farkon shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya yi fice wajen jagorantarsa, hukumar NORLA ta Zariya kuma tana buga littattafan karantawa. An koya wa dattawa karatu da rubutu da ɗan lissafi, an ba su takardar shaida. Aiki ne babba, amma tsani ne mai mataki ɗaya. Takardar ba ta kai mutum sakandare, balle jami'a. A daidai wannan lokaci, a 1952, aka kafa hukumar WAEC, kuma jarrabawar GCE ta masu zaman kansu ta zama hanyar da ma'aikaci zai cike giɓin sakandare daga gida.

Shekarar da ta sauya komai ita ce 1976. Gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, yara suka cika makarantu, malamai suka yi kaɗan. Aka ɗebi waɗanda ba su gama horo ba aka ba su alli. Daga baya aka ga ba a iya kwashe su duka a mayar kwaleji, domin azuzuwa za su zauna babu kowa. Dole ce ta haifi Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976 ɗin: malami ya ci gaba da koyarwa, a ba shi littattafan darasi, ya halarci cibiya a ƙarshen mako da lokacin hutu, ya zauna jarrabawa. Da haka dubban malamai suka gyara takardar Gired Tu, wasu bayan sun sha faɗuwa a darasi ɗaya ko biyu shekara da shekaru. A 1990 NTI ta ƙara da NCE ta karatu daga nesa, kuma da gwamnati ta mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, sai abin ya tashi daga sha'awa ya koma batun tsira da aiki.

A 1976 ɗin dai Jami'ar Ahmadu Bello ta fara jarrabawar IJMB, wadda wanda ya ci ta ke shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Aka kafa JAMB a 1978, ita kuma ta riƙe wannan ƙofa ta shiga kai tsaye ga masu NCE da difloma. Wannan shi ne mafi kusa da abin da muke da shi na tara maki da jarrabawa: ka zo da takardar da ta isa, a yafe maka shekara guda.

Duk wannan yana faruwa, amma cibiyoyin suna nesa. Jami'ar Maiduguri ta 1975 ita ce ta yankin, kuma daga Nguru zuwa can tafiya ce ta yini. Magidanci mai albashin firamare da gona a fadama ba ya iya barin gida wata uku a jere. Sauƙi ya fara zuwa da kwalejin horar da malamai ta Gashuwa, wadda aka kafa a shekarun 1980 tun ana cikin tsohuwar Jihar Borno, yau take ɗauke da sunan Mai Bade Umar Suleiman, daga baya kuma ta ƙulla alaƙa da Jami'ar Maiduguri don bayar da digiri. Bayan ƙirƙiro Jihar Yobe ranar 27 ga Agusta 1991, Nguru ta zama mazaunin kwalejin shari'a da nazarin addinin Musulunci ta jihar. Muhimmancin wannan kwaleji ya wuce yadda ake zato, domin ita ce gadar da masu karatun Arabiyya suka taka suka sami difloma, daga difloma kuma suka shiga jami'a. Hukumar NBAIS ta jarrabawar masu karatun Arabiyya ma, wadda asalinta ke komawa zamanin Sardauna kuma ta daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta sami amincewar ƙasa a 2011, jarrabawarta ta zama daidai da ta WAEC da NECO. Sai jami'ar jiha a Damaturu a 2006, sai Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013.

Labarin jami'ar karatu daga gida kuwa, NOUN, yana da ɗaci. Shehu Shagari, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, ya sa hannu a dokarta a 1983. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba ta farfaɗo ba sai a 2002. Shekara 18 ke nan. A ƙiyasta malamai da ma'aikata nawa ne a arewacin Yobe suka yi ritaya a tsakanin nan da takardar da suka shiga aiki da ita. Yau tana aiki, sai dai karatunta da jarrabawarta sun dogara da kwamfuta da intanet da wutar lantarki, abubuwa uku da mutumin Machina ko Yusufari ko Jakusko ba ya samu yadda yake so.

Idan an kwatanta da wasu ƙasashe, akwai matakin da ba mu kafa ba tukuna. A Amurka, tun 1967 akwai jarrabawar CLEP: mutum ya koyi lissafi ko tarihi ko wani harshe a wurin aiki, ko a soja, ko da ƙoƙarin kansa, sai ya zauna jarrabawar darasin, in ya ci a rubuta masa makinsa kamar ya halarci aji. A 1971 Jihar New York ta buɗe shirin digiri na irin waɗannan mutane, wanda yau ya zama Jami'ar Excelsior. Mu a nan takarda ce ke haifar takarda. Ma'aikacin lafiyar da ya shekara 20 yana duba marasa lafiya a karkara, ko alaramman da ya ƙware a nahawu da fiƙihu a zaure, ba shi da wurin da zai je ya ce a jarraba shi a darasi kaza a ba shi makinsa. In ba shi da takarda, daga tushe zai faro tare da sa'o'in 'ya'yansa. Wannan asara ce, ba gare shi kaɗai ba, har ga jihar da ke kukan ƙarancin ƙwararru.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: satar amsa ta yi wa jarrabawar masu zaman kansu illa, har wasu cibiyoyi sun yi ƙaurin suna da sayar da sakamako. Amma maganin wannan tsaro ne da sa ido, ba toshe ƙofa ba. WAEC da kanta ta ga yawan masu buƙata, shi ya sa tun 2018 take shirya jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara maimakon sau ɗaya.

Buƙatar kuma ƙaruwa za ta yi. Hare-haren da aka kai makarantun Mamudo da Gujba a 2013, da Buni Yadi a 2014, da sace 'yan matan Dapchi a 2018, sun sa iyaye da yawa a Yobe sun janye 'ya'yansu daga makaranta. Yaran wancan lokaci yau magidanta ne da matan aure, kuma da yawansu za su nemi hanyar komawa. Ina kira ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da kwalejojin Nguru da Gashuwa, da gwamnatin Jihar Yobe, su zauna su tsara yadda za a riƙa jarraba babban mutum a kan abin da ya riga ya sani, a ba shi makinsa, sannan a kawo cibiyoyin jarrabawa kusa da shi. Kai kuma ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa, da kiredit ɗaya ya tsayar, a je a yanki fom ɗin bana. Allah Ya ba da sa'a.