Koci

Kalmar koci daga Turanci ta shigo mana, amma can asalinta sunan wani ƙauye ne a ƙasar Hangari, Kocs. Tun ƙarni na 15 mutanen wurin suka yi suna wajen ƙera keken doki, har aka riƙa kiran keken "kocsi", wato na Kocs. Yadda 'yan Hangari ke furta ta, kusan haka take fita a bakin Bahaushe: koci.

Wajen 1830 ɗaliban jami'ar Oxford a Ingila suka laƙaba wa malamin da ke shirya su don jarrabawa wannan suna, tunda shi ne ke ɗaukar ɗalibi ya kai shi inda ya nufa. Daga aji kalmar ta gangaro filin wasa. A rediyo an fi cewa mai horarwa, a majalisa kuwa koci ce ko kociya.

Inda ma'anar ɗaukar kaya ta fi fitowa, a ganina, shi ne wajen mataimakin koci a ƙwallon Amurka ta jami'o'i. Shi ke kwana kan bidiyon wasan abokan karawa, shi ke zaga makarantun sakandare neman yara masu hazaƙa, yabo kuma ya tafi wurin maigida. Daga 1996 aka ware wa mataimaka kyautar Broyles, da sunan Frank Broyles na jami'ar Arkansas. Kirby Smart ya ci ta a 2009 yana ƙarƙashin babban koci Nick Saban a jami'ar Alabama; da Smart ya zama babban koci a jami'ar Jojiya, ya ɗauki kofin ƙasa na kakar 2021 da 2022 a jere.