Tarihin Cutar Ƙuraje Masu Mugunya ta Masu Juna Biyu

A shekarar 1872 ne Ferdinand von Hebra, likitan fata a birnin Biyana, ya fara bayyana cutar impetigo herpetiformis, wadda ba kasafai ake ganinta ba, kuma takan ɓulla a watannin ƙarshe na ciki da zazzaɓi da ƙananan ƙuraje masu mugunya da ke faro daga matsematsi da hammata. Huɗu daga cikin mata biyar da ya duba sun rasu. Daga baya aka tabbatar cewa mugunyar ba ta ɗauke da ƙwayar cuta, sai dai mace-macen uwaye ba su ragu sosai ba sai da aka samu sitiroyid, wato magungunan kwantar da kumburi, a tsakiyar ƙarni na 20, ko da yake har yau likitoci na sa ido kan mabiyiya da sinadarin kalsiyam na jini saboda haɗarin rasa ɗan tayi.