Tsakanin Jibiya da Maraɗi: Yadda Nijar Ta Raba Gari da ECOWAS

Har gobe sarkin Maraɗi sarautar Katsina yake riƙe da ita. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne sarakunan Haɓe na Katsina suka yi arewa, suka kafa gari a can. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, layin ya ratsa tsakanin dangi, amma fatake ba su fasa tafiya ba. Dabbobi da wake da albasar Galmi na gangarowa kudu zuwa Illela da Jibiya da Maigatari da Dawanau, hatsi da fetur da kayan masana'antun Kano na haurawa arewa. Da wannan ciniki alhazan Maraɗi suka yi suna.

A kan wannan tsohuwar hanya aka ɗora ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, wadda ake kira CEDEAO a Nijar. Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo ne suka yi ta kai-kawo har ƙasashe 15 suka sa hannu a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, Nijar ta Seyni Kountché na cikinsu. A 1979 aka ƙara da yarjejeniyar zirga-zirga: ɗan kowace ƙasa zai shiga wata ya yi kwana 90 ba biza.

Sai dai takardar ba ta taɓa hana babba taka ƙarami ba, kuma wannan ne abin da mutanen Nijar ba su manta ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, 'yan Ghana da 'yan Nijar suka fita cikin wahala. A Afrilun 1984 Janar Buhari ya rufe iyakoki saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta faɗo daidai da fari, hatsin Najeriya ya daina shiga, har talakawan Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. A Agustan 2019 aka sake garƙame iyaka da sunan hana fasa-ƙwaurin shinkafa, sai Disamban 2020 aka fara sassautawa. Duk wannan ya faru Nijar tana cikakkiyar mamba.

Saboda haka lokacin da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar kuma ta zauna a Abuja bayan kwana huɗu ta yanke takunkumi da barazanar yaƙi, tsohon miki aka fama. An rufe iyaka, an daskarar da kuɗaɗe, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, albasa na ruɓewa a ciki, 'yan dako suka rasa na cefane a ɓangarorin biyu. Arewacin Najeriya ya ƙi yaƙin ƙememe. Sanatocin yankin suka yi magana, Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi suka je Yamai, tawagar malamai ta bi, Muhammadu Sanusi II ya gana da jagoran juyin mulkin, Janar Tiani, tare da Sultan na Damagaram. Yaƙi bai yiwu ba, amma zukata sun riga sun ɓaci.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A Satumban 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES. Ranar 28 ga Janairu 2024 suka ce sun fice. ECOWAS ta ɗage takunkumi cikin Fabrairu, Najeriya ta buɗe iyaka cikin Maris, amma bakin alƙalami ya bushe. Ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025.

Me ya sauya a ƙasa? A ido, kaɗan ne. Nijar tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu kuɗin sefa, tana kashe sefa, kasuwar dabbobi ta Maigatari tana ci duk Alhamis. ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, kayansu kuma su wuce kamar da, har sai an yanke wata shawara. A wannan sharaɗin na ƙarshe matsalar take. Abin da a da haƙƙi ne rubutacce, wanda ko an take shi akwai wurin kai kuka, yanzu ya koma alfarma da za a iya janyewa. A Maris 2025 ƙasashen AES suka sa harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ke shigowa daga waje, har da na ƙasashen ECOWAS. Rikici da Benin kuma ya sa kayan da suka saba bin Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina, hanya mai nisa da haɗari, kuma mai saye a kasuwa ne ke biyan bambancin.

Ba wannan ne karon farko da wata ƙasa ta fice daga ECOWAS ba. Muritaniya ta sanar da fita a Disamban 1999, ta fice a 2000, tana mai fuskantar ƙasashen Larabawan arewacin Afirka. Sai da aka shekara 17 kafin ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar a 2017, don ciniki da zirga-zirga. Muritaniya na da teku, ta iya jira. Nijar ba ta da shi, kuma iyakarta da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021.

ECOWAS ta yi kuskure da ta hukunta talaka kan laifin soja, shugabannin Yamai kuma sun yanke hukunci mai nauyi ba tare da an tambayi jama'a ta hanyar ƙuri'a ba. Wajibi ne Abuja da Yamai su zauna su rubuta yarjejeniyar da za ta kare mai albasa da mai shanu da direban tirela, kada a bar su shekara 17 suna jira.