Wasan Kurket a Legas: Daga Filin Sukuwa Zuwa Wasan Rufe Kaka na Bana



Ranar Asabar da ta wuce, mu huɗu daga cikin kwamiti mun je kallon wasan sada zumunta da wani ƙaramin kulob ɗin kurket ya shirya don rufe kakar wasanninsa kafin damina ta kankama. Dalilin zuwanmu shi ne yaranmu biyu da ke buga wa kulob ɗin, kuma sun kawo wa ƙungiya takardar neman taimakon kayan wasa. Ba kofi aka sa ba, ba kuɗi. An cakuɗa manya da yara aka raba gida biyu, wani dattijo mai furfura ya jefa wa ɗan shekara goma sha huɗu ƙwallo, yaron ya maka ta waje, kowa ya fashe da dariya har da dattijon. Da aka tashi aka ci shinkafa tare.

Tun da takardar ta iso muke jin magana iri ɗaya: wai wannan wasan Turawa ne da Indiyawa, me ya haɗa ɗan Bahaushe da shi? Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗan waiwayi tarihi kafin taro.

Gaskiya ne Turawan Ingila suka kawo shi, a ƙarshen ƙarni na 19. Filin da suka riƙa bugawa shi ne filin sukuwa na Legas, wanda Oba Dosunmu ya ba su a 1859, inda Dandalin Tafawa Ɓalewa yake a yau. A nan aka yi wasan farko tsakanin Legas da Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, a 1904, baƙin suka ci da ratar maki 22. A wasannin farko an buga a cakuɗe, fari da baƙi. Amma a ƙarshen 1906 Turawa suka ware nasu, sai 'yan ƙasa suka fara shirya nasu daban a 1907. Ko da aka zo kafa hukumar wasan ma biyu aka kafa, ta Turawa a 1932, ta 'yan ƙasa a 1933, ba su haɗe ba sai a shekarun 1950, daf da samun 'yancin kai. Wato wanda ya ce wasan ya zo da wariya bai yi ƙarya ba. Sai dai 'yan ƙasa ba su bar musu filin ba.

To, ina mu a cikin labarin? Da farko dai unguwar ba baƙuwarmu ba ce. Tun 1863 Kyaftin John Glover ya kafa rundunar da aka sani da Hausawan Glover a nan Legas, kuma dattawan Obalende har yau suna ba da labarin cewa kusa da filin sukuwar sojojin Hausawa suka fara zama kafin a mayar da su Obalende.

Na biyu, kuma wanda ya fi muhimmanci, shi ne Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ita ce ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Barewa. Kamar King's College ta Legas da kwalejojin gwamnati na Ibadan da Umuahia, an tsara ta ne a kan tsarin makarantun kwana na Ingila, inda wasa yake cikin tarbiyya, ba abin cike lokaci ba. Ɗalibanta sun buga kurket, sun kuma buga fayif, wasan nan da ake bugun ƙwallo da hannu a jikin bango. Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya buga duka biyun, kuma bai daina fayif ba har ya zama Firimiya. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma ɗan makarantar ne. Ku duba ikon Allah: filin da Turawa suka riƙa buga wasansu, a nan aka sauke tutar Ingila a 1960, kuma yau sunan tsohon ɗalibin Katsina ne a kansa.

Abin da ya janye wasan daga hannun talaka, a ganinmu, tsada ce da lokaci. Ƙwallon ƙafa ko lemo ka samu ka fara. Kurket kuwa sai da sandar bugu, da ƙwallo mai tauri, da kariyar ƙafa, da safar hannu, da hular kwano, da fili mai shimfiɗar yadi 22 a tsakiya da turaku uku a kowane ƙarshe. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kuma babban wasa na ainihi yakan kai kwana biyar. Wane ɗan kasuwar Mile 12 ne zai rufe rumfa kwana biyar? Da makarantun gwamnati suka lalace, filayen suka koma ciyawa ko aka gina su, sai wasan ya maƙale a hannun tsofaffin ɗalibai da ƙananan kulob-kulob na sa-kai irin wanda muka ziyarta. Su ne suka riƙe shi da aljihunsu.

Yanzu lamarin ya sauya. Akwai gajeren salo da ake kira T20, wanda ake gamawa cikin kamar awa uku, shi muka kalla ranar Asabar. Najeriya ta shiga hukumar kurket ta duniya da sunan kanta a 2002. Samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, sun sha kashi sosai, amma sun je. 'Yan matan Najeriya 'yan ƙasa da 19 kuwa, a Janairun 2025 a Malesiya, sun doke New Zealand da ratar maki biyu kacal, ƙasar da ta fi shekara ɗari tana wasan.

Ba mu ce kowane yaro zai kai can ba. Abin da muka gani da idonmu shi ne yaranmu biyu suna karɓa-karɓa da hular kwano guda ta aro, ɗaya ya cire ɗaya ya sa, kuma ƙwallon nan in ta sami mutum a ka ba wasa ba ne. Mun kuma ga mai horar da su ya tsayar da wasa da la'asar don su yi salla, ba tare da mun roƙa ba.

Takardarsu tana cikin ajandar taron ranar Lahadi bayan sallar azahar. Abin da suka nema hular kwano biyu ne da kariyar ƙafa. Alhaji Ma'aji zai zo da farashin da ya jiyo a kasuwa, yaran kuma za su zo da iyayensu don amsa tambayoyi. Mai goyon baya da mai ja, muna roƙon kowa ya halarta.

Wassalam.
Sakatare