Tarihin Murhun Roka: Daga Yumɓun Gwatemala zuwa Gwiwar Winiarski

Murhu mai duwatsu uku ya daɗe a hannun ɗan Adam, har ya zamana ba a ɗauke shi abin da masana za su zauna su yi nazari a kansa ba. Abin da ya jawo hankalinsu gare shi shi ne tsadar itace. A cikin 1975 wani Ba'amurke, Erik Eckholm, ya buga wata ƙasida inda ya nuna cewa yayin da ƙasashen Turai ke kukan tsadar man fetur, talakawan duniya suna fama da nasu ƙuncin, watau ƙarancin itacen girki. A cikin misalan da ya kawo har da birnin Yamai, inda ya ce lebura kan kashe kusan rubu'in abin da yake samu wajen sayen itace. Daga nan ƙungiyoyin agaji suka dukufa neman murhun da zai rage cin ice.

Amsar da ta fara yin suna ta fito ne daga ƙasar Gwatemala, a tsakiyar nahiyar Amurka, bayan girgizar ƙasar da ta auku can a 1976. Wani mutumin Birtaniya, Ianto Evans, tare da abokan aikinsa na ƙasar, suka gina wani katafaren murhu na yumɓu da rairayi, mai ramukan ɗora tukwane da bututun fitar da hayaƙi. Aka sa masa suna Lorena, daga kalmomin Sifaniyanci biyu masu ma'anar taɓo da rairayi. Ya fitar da hayaƙi daga ɗaki, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne ga matan da ke wuni a gindin wuta. Amma da aka zo aka auna shi da ma'auni, sai aka tarar bai rage cin ice kamar yadda aka zata ba. Wani lokaci ma macen da ta iya hura wuta a duwatsu uku takan fi shi tattali.

Dalilin haka shi ne jigon wannan tarihi. Maginan Lorena sun ɗauka cewa kaurin yumɓu zai tsare zafi, alhali kuwa yumɓu shan zafi yake yi. Kafin tukunya ta sami rabonta, sai jikin murhun ya ƙoshi tukuna. Har ila yau, bango mai sanyi yakan sanyaya harshen wuta, wutar da ta yi sanyi kuwa ba ta cinye hayaƙinta, shi kuma hayaƙi ba komai ba ne illa makamashin da ya tsere bai ƙone ba.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Dokta Larry Winiarski, a cibiyar Aprovecho da ke jihar Oregon ta Amurka, cibiyar da shi Evans ɗin yana cikin waɗanda suka kafa ta. Ya fara aikin wajen 1980, a 1982 kuma ya tsara ƙa'idojin murhun da aka sa wa suna roka, saboda gurnanin da iska ke yi idan wutarsa ta kama sosai.

Siffarsa kamar gwiwar hannu take. Akwai bututu kwance inda ake zura itace, da wani a tsaye wanda wutar ke hawa, tsawonsa wajen ninki uku na faɗinsa. Ana kewaye na tsayen da abu marar nauyi mai riƙe iska a cikinsa, kamar toka, ko tubalin da aka cuɗa da dusar katako aka gasa, domin zafin ya tsaya a cikin wutar. Shi wannan zafi ne ke janyo iska daga ƙasa ba tare da fifita ba. Ana ɗora itacen bisa wani ɗan faranti don iska ta bi ta ƙarƙashinsa ta ratsa garwashi, kuma bakin itacen kaɗai ke ci, ana tura shi sannu a hankali. Faɗin hanyar iska ya kamata ya zama ɗaya daga mashiga har mafita: in ta ƙuntata wuta ta shaƙe, in ta yi yawa iska mai sanyi ta kwararo. Daga ƙarshe akan yi wa tukunya zane na ƙarfe, a bar rata kamar santimita 1, don zafin ya goge jikinta kafin ya fice. Wannan zanen, da mutane kan raina, sau da yawa shi ke kawo mafi yawan tattalin icen. A lura kuma, irin wanda ba shi da bututun hayaƙi na tsakar gida ne ko rumfa, domin ko wutar da ba a ganin hayaƙinta tana fitar da iska mai guba.

Abin sha'awa, yumɓun da aka kora daga girki ya komo ta wata ƙofa. Mai girki so yake zafi ya tafi tukunya nan take, mai jin ɗumi kuwa so yake zafin ya daɗe. Saboda haka Evans ya ɗauki gwiwar Winiarski ya kife mata duro na ƙarfe, ya bi da iskar mai zafi ta cikin bututu a ƙarƙashin dakalin ƙasa kafin ta fita. Wutar tana ci da ƙarfi na ɗan lokaci, dakalin ya sha zafin, ya yi ta sakinsa sa'o'i da dama bayan ta mutu. Wanda ya san gadon ƙasa da tsofaffi ke zuba wa garwashi a ƙarƙashi lokacin hunturu ba zai yi baƙunta da wannan dabara ba. Evans da Leslie Jackson sun bayyana yadda ake gina shi a littafin da suka buga a 2006, shekarar da cibiyar Aprovecho ta karɓi lambar yabo ta Ashden a Landan saboda manyan murhunan roka da aka yi wa makarantu da wuraren girkin jama'a a Afirka.